Ranar da Na Kashe Jarumin Alhaji

A Sallar da ta wuce ina ɗaki ina tsinke zogale, sai na jiyo Babangida a tsakar gida yana ba jikokina labari. Wai kakarsu mace ce mai taurin zuciya, wai ita ta kashe wa mijinta jarumi alhali yana fama da ciwo. Yara suka yi ta dariya, ƙaramar cikinsu har da leƙowa tana kallona. Ban tanka ba, don ba a jayayya da ɗan fari a gaban 'ya'yansa. Amma shi mai ba da labarin yana Kaduna lokacin da abin ya faru, a waya ya ji, wayar ma rabi da rabi. To tunda Allah ya bar ni da raina da hankalina, ga yadda aka yi. Na kashe jarumin, ban musa ba. Ku dai ku ji dalili kafin ku shafa mini kashin kaji.

Waɗanda ba su riski Alhaji da lafiyarsa ba, ba za su gane ba. Dillalin auduga da masara ne a nan Funtua, mutum mai murya, in yana ciniki a bakin kasuwa mutumin garin Ƙarfi ma sai ya ce ya ji. Abincinsa gardama. In ka ce za a yi ruwa ya ce ba za a yi ba, in ka koma bayansa ya sake sheƙa ya ce ai ga hadari can. Shekarun da muka yi tare, ban tuna ranar da muka ci tuwo ba mu yi musu a kan gishiri ba. Ni kuma tsohuwar malamar firamare ce, ban saba a faɗa in yi shiru ba, don haka Allah ya haɗa tukunya da murfinta. Sai ga shi a farkon wata damina ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Baki ya dawo bayan ɗan lokaci, hannu bai dawo ba. Ƙafa kuwa likita ya ce tana da rai, amma sai an taka ta. Ya ja ni gefe ya ce, Hajiya, in mutumin nan bai tashi ya yi tafiya a daminar nan ba, ƙafar za ta sandare, daga nan sai kwanciya har abin da Allah ya yi.

Alhaji ya ƙi tashi. Kuma ni na san abin da ya kwantar da shi, ba ciwon ba ne kaɗai. Sannu ce. Gida ya cika da 'yan dubiya safe da yamma, kowa da ledar lemo, kowa ya rage murya kamar an yi rasuwa. Mutumin da bai taɓa magana an ce masa haka ne ba, yanzu ko ya ce tuwon dawa da shinkafa ake yi sai a ce, haka ne Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi. Abokansa na majalisa da suke kwana suna musu da shi suka koma gyaɗa kai. Na ga lokacin da ya gwada su, ya ce wa amininsa Alhaji Mamman Danja wai auduga ta fi son fadama. Alhaji Mamman ya buɗe baki, ya dubi hannun nan, ya ce gaskiya ne. Tun daga ranar Alhaji ya juya fuska bango. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka a madafi inda ba mai gani. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don ina kallon mijina yana mutuwa alhali yana numfashi.

A wannan damina ce malaman jami'a suka shiga dogon yajin aiki, ɗana Nura da ƙanwarsa Bilki suka dawo daga Zariya suka zauna mini a gida. Nura ya zo da wani littafi na fotokofi duk ya sha jiki, wai wasa ne. Kowa zai ɗauki jarumi guda ya raɗa masa suna, mutum ɗaya kuma ya riƙe labarin, shi ne mai cewa ga daji, ga kogo, ga abin da ya fito muku, me za ku yi? In an zo yaƙi sai a shimfiɗa kwali da aka zana wa gidaje kamar na dara, a jera jarumai, a jefa ƙwayar ludo ta faɗi ko sara ya shiga. Da na ga ƙwayar nan na ce ba a gidana ba, kada maƙwabta su ce matar Alhaji ta buɗe caca. Sai Bilki ta tara murafen kwalba ashirin, ta rubuta lamba a cikin kowanne, muka zuba a jakar zane, mai yaƙi ya sa hannu ya zaro. Ran kowane jarumi kuma ƙwayoyin masara ne a gabansa, in an sare shi a ɗebe. Nura ne ya fara riƙe labarin, kai, abin tausayi, dodonsa ko kaza ba zai firgita ba. Na ce matsa can, yaro, ni da na yi wa ajin yara tatsuniya har gashina ya yi fari. Haka na zama mai labari, kuma alƙaliya, don littafin ya ce in an yi saɓani maganar mai labari ce ta ƙarshe.

Bayan la'asar muke yi, a gindin mangwaro, daidai tagar ɗakin Alhaji. Ba zan yi muku ƙarya ba, da gangan na zaɓi wurin. Muka yi ta yi ba motsi daga ciki. Rannan Nura ya shigar da jaruminsa kogo ba tare da ya bar kowa a baki ba, sai muka ji murya ta taga.

"Wane wawa ne ya shiga rami bai bar mai tsaron baya ba?"

Muka dubi juna. Bilki ta toshe baki. Ni kuwa na daure na ce, mai son gyara ya fito ya gyara. Washegari Alhaji ya ce a ɗauko shi. Aka tallabo shi aka jingina da gindin mangwaro, ya ce shi ma a ba shi nasa jarumin. Ya zaɓi wani ƙwallon giginya ƙarami da yara suka fafe, ya ce sunansa Gagarau, mai takobi a dama, mai garkuwar fatar ɓauna a hagu. Na ji daɗi a ranar har na ƙara nama a miya.

Sai dai murna ta koma ciki. Sannun nan ta biyo shi har gindin mangwaro. In ya zaro lamba ƙarama sai Bilki ta ce ai murfin ya suɓuce ne, Baba sake. In dodo ya nufo Gagarau sai Nura ya tura nasa jarumin gaba ya karɓi saran. Gagarau ya yi ta cin yaƙi ba ko ƙwarzane. Alhaji ba yaro ba ne, ya fi su sanin ciniki. Na ga ya fara hamma a tsakiyar wasa, ya fara cewa a mayar da shi ɗaki da wuri, kuma har yanzu ɗaukarsa ake yi, ƙafar ko ƙasa ba ta taɓawa. Ga masara ta fara bunni, damina tana gudu.

Akwai wata doka a littafin, mu muka raɗa mata suna sa-a-tsakiya. In abokan gaba biyu suka tsaya wa mutum ɗaya nan ɗaya can, har in ka miƙe zare daga wannan zuwa wancan ya ratsa ta kansa, to garkuwarsa ba ta aiki, don hankalinsa ya rabu biyu. Ba a daɗe ba dokar nan ta ci jarumar Bilki, 'yar mashi mai ƙaramar garkuwa. 'Yan fashi biyu suka tsaya mata dama da hagu, na ce garkuwa ta faɗi, ta yi ta magiya. A ranar Alhaji har da 'yar dariya ta gefen baki.

"Doka doka ce, 'yar nan," in ji shi. "Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi."

Ku riƙe wannan, don Babangida ba ya faɗa muku shi.

Ranar da abin ya faru hadari ya haɗo ta gabas, iska tana kaɗa ganye. Na kai su wani kwazazzabo inda kuraye suka addabi wani ƙauye. Alhaji, wanda ya saba kome ya taɓa sai ya faɗi, ya tura Gagarau gaba shi kaɗai ya bar 'yan'uwansa a baya. Na ce, Alhaji, ciyawa tana motsi ta hagunka. Ya ce ta motsa. Na ce ta dama ma tana motsi. Ya ce ke dai ci gaba da labarinki. Ya kashe kura ɗaya, ya kashe ta biyu, amma sun yage shi, masararsa ta rage ƙwaya guda. Sai na ajiye tsakuwa biyu a matsayin wasu kurayen, ɗaya a damansa ɗaya a hagunsa. Na sa hannu a jaka na zaro wa ta hagu lamba. Sha biyu. In da garkuwa, sai sha biyar cizo yake shiga. In ba garkuwa, goma ta isa. Kowa ya iya wannan lissafin.

"Garkuwa ta tare," in ji Alhaji. "A hagu take, kurar ma a hagu take. Ko ta baya ta zo?"

Na ce, Nura, karanta mana. Nura, wanda in ka motsa tsakuwa rabin gida sai ya buɗe maka shafi, ya hau juya takardu kamar bai taɓa ganinsu ba.

"Umma, wurin nan fa bai fito sosai ba. Fotokofin ya ɗan goge."

Na ce, miƙo nan, ni ma na je makaranta. Rubutu ɓaro-ɓaro. Ba a ce gaba da baya ba, cewa aka yi ɓangarori biyu masu fuskantar juna. Na tsinko zare daga bakin zanena na miƙe daga tsakuwa zuwa tsakuwa, ya bi ta kan ƙwallon giginyar nan tsaf. Alhaji ya gyara zama, abin da ban ga ya yi da kansa ba tun da ya faɗi.

"Wanda ya rubuta wannan bai taɓa faɗa ba. Ni na yi langa, na yi kokawa. Na bayanka ne ba ka gani. Na dama da na hagu da wutsiyar ido ake kallonsu. Takobi ya ji da wannan, garkuwa ta ji da wancan. Hannu biyu Allah ya yi wa mutum don me?"

Wallahi hujja ce, kuma na ji ta. Ina cikin auna ta sai Bilki ta matso ta kama mini hannu, idonta ya kawo ruwa.

"Umma, don Allah ki bar wa Baba. Ai kin ga hagun nasa..."

Ta haɗiye sauran, amma ta riga ta fita. Duk muka kalli hannun nan da ke kwance a cinyarsa. Na ɗaga kai na ga fuskarsa. Hasken da ya taso yanzun nan yana mutuwa, kafaɗarsa tana komawa jikin bishiya. Na gane in na ce garkuwa ta tare, ko da don hujjarsa na faɗa, shi sadaka zai ɗauke ta, kuma gobe ba zai fito ba. In kuma na kashe Gagarau, wataƙila ya yi fushi ya koma bango gaba ɗaya, ni ce sila. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ni na karɓi alƙalancin nan.

"Alhaji, maganarka tana da kyau, amma ranar da aka sa jarumar Bilki a tsakiya dama da hagu ne, kai ka ce doka doka ce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Garkuwa ba ta tare ba. Cizo ya shiga."

Na miƙa hannu na ɗauke ƙwayar masarar nan ta ƙarshe. Na kwantar da ƙwallon giginya a kan kwali.

Jama'a, ashe muryar tana nan! Tantabarun da ke kan katanga sai da suka tashi.

"Ke! Ke ce za ki koya mini yaƙi? Malamar aji uku? Wannan zalunci ne! Wallahi ba a taɓa yin irin wannan hukunci ba tun da aka kafa Funtua!"

Na ce, to an yi yau. Ya ɗauki jakar murafe da hannun dama ya yi jifa da ita, suka watse har bakin rijiya. Ruwa ya sauko, aka kwashe shi zuwa ɗaki yana ta sababi.

Abin da ya biyo baya bai yi daɗi ba, kuma shi ne abin da kuka ji a waya. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa: bai ga laifin littafi ba, bai ga na kura ba, sai nawa. Ya daina yi mini magana. In na kai abinci ya kau da kai, sai Bilki ta ɗauka ta sake shigar da shi. Bilkin ma gaisuwa kawai ke haɗa mu. Nura ya ce, Umma, wasa ne fa, me zai ragu a jikinki? Babangida ya bugo yana mini nasiha, ni da na haife shi. Ƙanwar Alhaji ta taso tun daga Dayi ta zo ta ce ta ji an ce ina cin zalin ɗan'uwanta don ya nakasa. Wannan kalma ta soke ni, na shiga ɗaki na yi kuka mai isata. An daina shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro. Na yi ta tambayar kaina ko na rusa ɗan abin da ya rage. Abu ɗaya ya riƙe ni: in na wuce ta tagarsa ba shiru nake ji ba, ƙunƙuni nake ji, yana ta maimaita dama da hagu shi kaɗai.

Ranar wata kasuwar Funtua da hantsi ina shanya wanki, sai na ji ya ƙwala wa Nura kira. Ya ce a ɗauko masa babbar rigarsa mai ruwan toka da hularsa, da sandar nan da asibiti suka bayar wadda tun zuwanta take jingine a bayan ƙofa. Ya ce a naɗe kwalin, a zuba tsakuwa biyu da Gagarau a aljihu. Nura ya ce ina za mu, Baba?

"Ɗaukaka ƙara. Majalisa za ni. Akwai maza a garin nan da suka san faɗa."

Nura ya sunkuya zai ɗauke shi kamar kullum. Alhaji ya daka masa tsawa.

"Sake ni! Goye za ka kai ni gaban su Mamman in yi shari'a? Su ce me?"

Ina tsaye riƙe da jiƙaƙƙen zane na ga ya dafa sanda, ya miƙe, ya koma, ya sake miƙewa. Gumi ya wanke masa fuska. Ya jefa ƙafar dama, ya jawo ta hagu tana share ƙasa. Daga ƙofar ɗakinsa zuwa zaure tafiyar da yaro zai yi da numfashi ɗaya ce, shi sai da ya huta a jikin rumbu, ya huta a bakin rijiya. Da ya zo daidai ni bai kalle ni ba, ya ɗaga haɓa sama kamar sarki ya wuce. Ni ma ban ce sannu ba, na cije leɓe har na ji gishiri. Da na ji keke mai ƙafa uku ya tashi da su a waje, sai na zauna a kan turmi ina hamdala ina kuka, zanen nan na jiƙa mini cinya.

Sauran a bakin Nura na ji. Da suka isa, majalisa ta miƙe da sannu, sannu. Alhaji ya ce kowa ya riƙe sannunsa, shari'a ya kawo. Ya shimfiɗa kwali a kan benci ya jera tsakuwa ya karanto ƙara. Dattawa suka fara gyaɗa kai yadda suka saba. Sai wani tsohon mafarauci, Malam Iro, ya kasa haƙuri ya ce, Alhaji, ka yi haƙuri, matarka ta fi ka gaskiya, kura biyu in sun raba maka ido ko garkuwar ƙarfe ce ba ta da amfani. Alhaji Mamman ya ce ƙarya ne, shi ya ga ɗan tauri ya tare mutum biyu a Danja. Shi ke nan wuri ya kaure. Masu awon masara suka bar mudu suka zo, aka ture kwali aka koma zane a ƙasa, wani ya kawo murfin tukunya wai garkuwa ce a gwada. Nura ya ce ya ga Alhaji Mamman ya nuna Alhaji da yatsa yana cewa kai dai ba ka taɓa yarda an kayar da kai ba, Alhaji kuwa yana dariya har hularsa ta faɗi.

Ba a gama a ranar ba. Majalisa ta rabu biyu, kuma wanda bai zo ba an ci shi da baki, don haka dole gobe ya koma, jibi ma haka. Kafin a karya masara ya daina shiga keke, da sandarsa yake zuwa, yana tsayawa a hanya yana tara magoya baya.

Wata yamma na jiyo sallamarsa tun daga zaure, murya ta dushe don musu, gefen riga duk taɓo. Ya tsaya a ƙofar madafi, karo na farko da ya dube ni tun ranar hadarin nan.

"Malama, majalisa ta yanke. Daga yau in dama da hagu ne, garkuwa tana tare na hagu, na dama ne kawai ke samun sarari. In gaba da baya ne, ta faɗi. Saboda haka a tayar mini da Gagarau."

Na ci gaba da tuƙa tuwona. Na ce dokar ta yi, na karɓa, daga gobe da ita za mu yi aiki. Amma ranar da kura ta ciji Gagarau tsohuwar doka ce ke ci, wanda ya mutu kuwa ya mutu, sai dai ka raɗa wa wani suna.

Ya buga sanda a ƙasa.

"Kun ji ta ko? Kun ji matar nan? To wallahi gobe har gaban mai unguwa zan kai ki!"

Na ce, Allah ya kai mu, kuma da ƙafarka za ka.

Da ƙafarsa ya je.